Kabari Babu Suna: Neman Tarihin Baƙi da Talakawan da Aka Binne a Zangon Kumasi

A shekarun baya-bayan nan wani aiki ya yi ƙarfi a Turai da Amurka. Mutane ne 'yan sa-kai ke bin tsofaffin rajistoci suna zaƙulo sunaye da tarihin waɗanda aka binne a maƙabartun matalauta, ba tare da wani ya biya su ba. Idan aka kawo wannan zance cikin Zango, martanin farko yakan zama mamaki. Wani zai ce mu Musulmi ba mu da maƙabartar matalauta, attajiri da almajiri farin ƙyalle ɗaya ake naɗe su da shi. Wani zai ce wannan ƙofa ce ta tone kaburbura ko gina su, kuma shari'a ba ta yarda ba. Wani kuma, wanda gidansu ya ga korar baƙi ta 1969, zai tambaya: wa ke son sanin asalin wa, kuma don me?

Duk ukun suna da hujja, amma kowannensu ya kama gefe ɗaya ne na maganar. A Zango da wuya gawar Musulmi ta rasa mai wanka da masu salla. Abin da ke ɓacewa shi ne suna: wane ne wannan da muka kai yau, ɗan wa ne, daga wane gari, wa ke can yana jiran dawowarsa.

Ma'anar kalmomin

Maƙabartar matalauta fili ne da hukumar gari ke warewa domin binne wanda ya mutu bai bar kuɗin jana'iza ba, ko ba a san danginsa ba, ko an san su amma ba su zo ba. A Turai sayen kabari ake yi, ga kuɗin akwati, ga na dutsen da ake rubuta suna a kai, saboda haka talauci yakan bi mutum har cikin ƙasa. Sau da yawa rami ɗaya mai tsawo ake haƙawa a jera akwatuna, a sa lamba a madadin suna.

Binciken nasaba shi ne bin salsalar mutum: wa ya haife shi, ina ya fito, wa ya bari. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Maroƙa suna riƙe da jerin sarakuna, malamai suna riƙe da silsilar waɗanda suka ba su karatu, tsofaffin mata kuma sun fi kowa sanin wa ya auri wa. Bambancin kawai, wancan na masu sarauta da ilimi ne, wannan kuwa na mutanen da ba a taɓa yi wa kirari ba. Rajista, kalmar aro daga Turanci, littafi ne da hukuma ko asibiti ke shigar da haihuwa, mutuwa ko binnewa a ciki. Zango kuwa, wanda asalinsa masaukin ayari ne, a Ghana ya zama sunan unguwar baƙi 'yan arewa, akasarinsu Musulmi, inda Hausa ce harshen hulɗa. Mazauna cikinsa ba Hausawa kaɗai ba ne: akwai Mosawa, Zabarmawa, Yarbawa, Wangarawa, Dagombawa, Fulani, Kotokoli, Busanga, Gurunsi da Frafra.

Yadda Kumasi ta cika da baƙi

Musulmi sun daɗe a Kumasi. Turawan Ingila biyu da suka je fadar Asantehene (Sarkin Asante) Osei Bonsu, wato Bowdich a 1817 da Dupuis a 1820, sun tarar da malamai da 'yan kasuwa Musulmi suna da faɗa a ji a fada. Sai dai a lokacin babbar kasuwar goro tana Salga ne, cikin ƙasar Gwanja. Fatake kan taso daga Kano da Katsina da jakuna, su ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Busa, su bi ta Nikki da Jugu da Sansanin Mango da Yandi, tafiyar watanni. Sarakunan Asante, waɗanda Hausawa ke kira Tonawa, ba sa barin fatake su kutsa kurmi su sayi goro daga gindinsa.

Abubuwa sun sauya cikin shekara talatin. A 1874 sojojin Ingila suka ƙone Kumasi, ikon Asante a kan Salga ya karye. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salga, 'yan kasuwarta suka bazu Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da sauran wurare. A 1896 Turawa suka mamaye Kumasi suka tafi da Asantehene Prempeh na ɗaya, a 1900 aka yi yaƙin Yaa Asantewaa, a 1903 jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi. Da sojojin da ake kira Hausa, da masu goro da masu shanu da mahauta da malamai, aka kafa Zangon da muka sani. Bayansu sai ga ambaliyar leburori: masu aikin gonakin koko, masu shiga ramin zinariya a Obuasi, 'yan dako a kasuwa, masu gadi. Yawancinsu samari ne marasa aure, 'yan ci-rani daga arewacin Gwalkwas (Ghana ta yau) da ƙasar Mosi da Nijar, da niyyar su yi shekara ɗaya ko biyu su koma da keke da kuɗin aure. Bafaranshen nan Jean Rouch ya bi sawun irinsu a shekarun 1950, ya yi rubutu da fim a kansu. Da yawa sun koma. Da yawa kuma ƙasar Kumasi ce ta rufe su.

Inda sunan yake ɓacewa

Tsarin da ya riƙe waɗannan baƙi shi ne na maigida. Baƙo yakan sauka gidan wani ɗan ƙasarsu da ya riga shi zama, shi zai ba shi wurin kwana, ya nema masa aiki ko mai sayen kayansa, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa idan ya shiga rigima. Polly Hill ta bayyana wannan tsari a 1966 daga abin da ta gani a kasuwar shanu ta Kumasi. Sama da maigida akwai sarkin ƙabila, kamar Sarkin Mosawa ko Sarkin Zabarmawa, sama da su kuma Sarkin Zango. Enid Schildkrout, wadda ta zauna cikin Mosawan Kumasi a shekarun 1960 ta fitar da littafinta People of the Zongo a 1978, ta nuna yadda ƙabila take maye wa baƙo gurbin dangi. Cikin manyan haƙƙoƙin wannan dangantaka akwai binne mamaci.

A duba yadda abin ke gudana. Lebura ya yi zazzaɓi kwana uku ya cika da asuba a ɗakin da su shida ke kwana. Kafin hantsi an gaya wa maigida, an aika wa liman, an yi karo-karo an yanko likkafani. Samari sun tafi haƙa. An yi wanka, an ɗora a makara, bayan azahar an yi sahu an sallace shi, an sa shi a lahadu an jera itace an mayar da ƙasa. Kafin la'asar an watse. Ba a tauye masa komai ba daga abin da za a yi wa mai gidan bene. 'Yan kayansa, tabarma da akwati da abin da ya tara, suna hannun maigida har a sami mai zuwa garinsu.

To amma da wane suna aka san shi? Sau da yawa laƙabi ne: sunan garinsa, ko ƙabilarsa, ko sana'arsa, ko siffar jikinsa, irin su Dogo, Ɗankano, Maigoro. Wanda ya musulunta a Zango yakan ɗauki sabon suna, na gida ya tsaya a bakin abokansa biyu ko uku. Mata abin ya fi tsanani, domin ana kiran mace da sunan ɗanta ko na mijinta ko na abin da take sayarwa, har ta mutu maƙwabta ba su san sunanta na yanka ba. Tudun kabari kuwa damina kaɗan ke baje shi a ƙasa mai ruwa irin ta Asante. Idan maigida ya rasu, abokan ɗaki suka watse, shi ke nan.

Maƙwabtansu Asante akasin haka suke yi. Gawa takan yi makonni, wani lokaci watanni, a ɗakin sanyi kafin a shirya biki. Ana buga fosta da hoto, ana buga ɗan littafin tarihin mamaci da jerin 'ya'ya da jikoki, ana rubuta sunan duk wanda ya ba da gudummawa. Malaman Zango sun daɗe suna sukar wannan a matsayin almubazzaranci, kuma ko cikin Asante akwai masu kukan tsadarsa. Amma ta fuskar mai bincike, jana'izarsu tana barin takarda, tamu ba ta bari.

Annoba, yaƙi da kora

Akwai lokuta huɗu da sunaye suka salwanta da yawa a lokaci guda. Na farko murar 1918, wadda ta shigo Gwalkwas ta tashoshin jirgin ruwa a ƙarshen Agusta ta bi hanyar jirgin ƙasa da ta fatake zuwa arewa. Masanin tarihi David Patterson ya ƙiyasta cewa ta kashe mutum dubu ɗari ko fiye a ƙasar cikin 'yan watanni. A irin wannan hali ba mai zaman rubuta suna.

Na biyu annobar ɓera ta 1924, cutar da ƙumar ɓera ke yaɗawa, wadda ta yi ɓarna a Kumasi musamman cikin cunkoson Zango. Likitan gwamnati Selwyn-Clarke ya rubuta rahoto a kanta. Hukuma ta rushe gidaje, ta gina Sabon Zango, ta kafa hukumar lafiyar garin Kumasi a 1925. Rushe unguwa yana raba maƙwabta, kuma maƙwabta su ne rajistar talaka.

Na uku yaƙi. Rundunar Gwalkwas, wadda ta samo asali daga 'yan sandan Hausa na 1879 kuma Kumasi ta zama cibiyarta, ta yi yaƙin duniya na farko a Togo da Kamaru da Gabashin Afirka. Mai ɗaukar soja yakan rubuta sunan mutum ya liƙa masa ƙabilarsa ko garinsa a matsayin sunan uba. Ko sojan da aka ce shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a Agustan 1914, a Togo, da sunan Alhaji Grunshi tarihi ya san shi. A Afrilun 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta fitar da rahoto ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, mai yiwuwa har 350,000, akasarinsu 'yan Gabashin Afirka da Masar, ba a tuna da su da suna ba ko ba a tuna da su ba sam. Rahoton ya kawo ra'ayin Gwamna Guggisberg na Gwalkwas a 1923, cewa talakan ƙasar ba zai fahimci amfanin dutsen kabari ba. Abin lura a nan, ba don girmama fiƙihun Malikiyya aka hana su dutse ba. Raini ne da tsimin kuɗi. Kada kamannin sakamakon ya sa a haɗa abubuwan biyu.

Na huɗu kora. Tun a 1957 gwamnatin Nkrumah ta yi doka ta musamman ta kori manyan Zangon Kumasi biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Larden, zuwa Najeriya. A ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fita. Dubban ɗaruruwa suka tafi, cikinsu har da waɗanda aka haifa a Ghana. Sun bar iyaye a ƙasa, sun tafi da labarinsu Kano da Ogbomosho da Yamai da Wagadugu. Shi ya sa rabin tarihin mamatan Zango yana wajen Ghana.

Yadda wasu suka yi

Tsibirin Hart na birnin New York shi ne misali mafi girma. Tun 1869 ake binne marasa gata a can, sun haura miliyan ɗaya, kuma har zuwa 2020 fursunoni ne ke aikin. Gobara ta cinye wasu rajistocin a 1977. Wata mai zane, Melinda Hunt, ta shafe shekaru tana neman a saki takardun da suka rage, ta kafa rumbun intanet mai ɗauke da sunayen waɗanda aka binne daga 1980, inda dangi ke ƙara hoto da labari. A 2021 kula da tsibirin ya bar hannun hukumar gidajen yari ya koma hukumar lambunan shaƙatawa.

Misalin da ya fi koyar da dabara shi ne na garin Tuam a Ayalan. Wata mata, Catherine Corless, mai sha'awar tarihin garinsu, ta biya daga aljihunta ta karɓi takardun shaidar mutuwar yaran da suka rasu a wani gidan renon da 'yan coci suka riƙe daga 1925 zuwa 1961. Ta sami sunaye 796. Sai ta duba rajistocin maƙabartun yankin ta ga kusan babu ko ɗaya a ciki. Giɓin da ke tsakanin littattafan biyu shi ya tilasta wa gwamnati bincike, kuma a 2017 aka tabbatar akwai ƙasusuwan yara a harabar gidan. Ita ba ta haƙa ko taki ɗaya ba. Littafi ta gwama da littafi.

Akwai ma wanda ya taɓa Ghana kai tsaye. A 1991 masu gini a Manhattan suka ci karo da tsohuwar maƙabartar baƙaƙen fata ta zamanin bauta. An tono mutum 419, aka yi nazari a kansu, aka sake binne su a 2003 cikin akwatunan da aka sassaƙa a Ghana. Ba a gano sunan ko ɗaya ba, domin ba wanda ya rubuta tun farko. Ƙashi yana faɗin shekaru da cuta da wahalar aiki, amma ba ya faɗin suna.

Abin da mai bincike zai samu a Kumasi

Rajistar hukuma ita ce mafi rauni. An fara rubuta mutuwa a Gwalkwas da dokar maƙabartu ta 1888, aka faɗaɗa a 1912, amma a wasu garuruwa kawai. Dokar 1965 ce ta game ƙasa, ta 2020 ta maye gurbinta, kuma har yau mafi yawan mace-mace a Ghana ba sa shiga rajista. Dokar rajistar auren Musulmi ta 1907 ma mutane kaɗan suka bi ta. Duk da haka akwai wuraren dubawa. Reshen Kumasi na hukumar adana takardun gwamnati, PRAAD, yana da fayilolin Babban Kwamishinan Asante, da na lafiya da na kotu. Gidan ajiye takardu na Manhyia, fadar sarautar Asante, yana da shari'o'in kotunan Asantehene, waɗanda Zango ya koma ƙarƙashinsu bayan an maido da haɗaɗɗiyar masarautar Asante a 1935. Kafin nan, a zamanin Malam Salau Bakatsine, Sarkin Zango yana da kotunsa. Shari'ar gado da ta bashi da ta gida ita ce taskar mai binciken nasaba, domin a can ne ake tilasta wa shaida ya faɗi wane ɗan wane.

Sai kuma namu na gida, wanda ya fi daraja kuma ya fi shiga haɗari. Littattafan bashi na masu goro da dillalan shanu, wasiƙun ajami da ake aikawa da su gida a sanar da rasuwa, bayan bangon littattafan malamai inda suke rubuta ranar haihuwa da ta wafati, marsiyoyi. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta tattara ɗaruruwan rubuce-rubucen Larabci da ajami, da ƙoƙarin Ivor Wilks da Thomas Hodgkin da Alhaji Usman Boyo, wanda ya yi ta yawo gari-gari yana aro yana kaiwa a ɗauki hoto. Ciki akwai ayyukan Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano da ya rasu a 1934, wanda ya yi waƙa a kan talauci da wadata. Har a Kopenhegan ta Denmark akwai damin takardun Larabci na Musulmin Kumasi na farkon ƙarni na 19. Amma waɗannan duk na malamai ne da na kusa da fada. Na lebura yana cikin jakar fata a ƙarƙashin gadon wata tsohuwa a unguwar Aboabo ko Yalwa ko Asawase, idan gara ba ta riga mu ba.

Mafi gaggawa su ne tsofaffi. Wanda yake saurayi ɗan shekara ashirin a 1969 yanzu ya haura saba'in da biyar. Masu wankan gawa maza da mata, ladanai, masu haƙa kabari da 'ya'yan tsofaffin masu gida su ne suka san wa aka sa a wane gefe. Wayar hannu ta isa a naɗi muryarsu.

Me malamai ke cewa

Babu saɓani cewa wanka da likkafani da salla da binnewa farilla ce ta kifaya, wato idan wasu suka yi ta faɗi a kan saura, idan kowa ya bari kowa ya yi laifi. Babu saɓani kuma a kan haramcin keta alfarmar kabari. Hadisin Abu Dawud ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya na mai rai. Saboda haka tono don bincike ba ya cikin abin da za a kawo Zango, kuma gwajin ƙwayoyin gado na DNA, idan za a yi, tsakanin rayayyu ne da yardarsu.

Saɓanin yana wajen alama. Hadisin Jabir a Sahihu Muslim ya hana shafe kabari da farar ƙasa da yin gini a kansa, riwayar Tirmizi ta ƙara da rubutu, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajiran Zango ke karantawa, ta karhanta gini a kan kabari. Masu tsanantawa suna ganin ko allon suna ƙofa ce ta kambama kaburbura. Masu sassautawa suna kafa hujja da cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗora dutse a kan kabarin Usman bin Maz'un domin ya gane shi ya binne danginsa kusa da shi. A maƙabartun Musulmin Ghana ana ganin duka biyun: wani kabarin tudun ƙasa ne kawai, wani da ɗan allon ƙarfe.

A ganina wannan muhawara ba ta shafi aikin da ake magana a kai ba, domin suna a littafi ba rubutu a kan kabari ba ne. Al'ummar da ta haifar da ilimin sanin maruwaita, ta cika mujalladai da shekarun wafatin mutane, ba za ta ƙi rajista ba. Akwai kuma hadisin da Bukhari da Muslim suka kawo na baƙar matar da ke sharar masallaci: ta rasu aka binne ta ba a sanar da Annabi ba, kamar an ƙanƙanta lamarinta, da ya rasa ta ya tambaya, ya ce a nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla. Tambayar ina wance take, ita ce tushen wannan aiki.

Wani abu da ya kamata a sani: babbar ƙungiyar tattara nasaba a duniya, FamilySearch, tana naɗar salsalar baka a Ghana, kuma mallakar cocin Mormon ce, wadda ke da aƙidar yi wa matattu baftisma a madadinsu. Rumbunta yana da amfani, amma wanda zai ba da sunayen kakanninsa ya dace ya san wa yake ba.

Tsoron tonon asali

Wannan tsoro shi ne hujja mafi nauyi ta masu adawa da aikin, kuma ba a kawar da ita da wa'azi. Salga kasuwar bayi ce kamar yadda take ta goro. Hare-haren Zabarmawa ƙarƙashin Babatu a ƙasar Gurunsi a shekarun 1880 da 1890 sun cika kasuwanni da kamammu, kuma sai a 1908 aka soke bauta a Asante a hukumance. Gidaje da yawa a Zango sun haɗa jinin mai saye da na wanda aka saya, aure da Musulunci suka rufe maganar. Asante ma suna da tsohuwar doka da ta hana a faɗi asalin wani. Mai bincike da ya zo da sakamako ya karanta a bainar jama'a yana iya kashe aure ko ya tayar da rigimar limanci.

Ga kuma batun zama ɗan ƙasa. Tsarin mulkin 1992 ya rataya shi a kan iyaye ko kakanni, ba wurin haihuwa ba, kuma a 2020 Kotun Ƙoli ta ce takardar haihuwa ba hujjar zama ɗan ƙasa ba ce. Mutanen Zango sun saba da a tsare su da tambaya wajen yin katin ɗan ƙasa ko rajistar zaɓe saboda sunansu. Takardar da ta nuna kakan mutum ya zo daga Dosso tana iya zama makami a hannun ɗan siyasa. Amma wuƙar tana da kaifi biyu: takardar da ta nuna an binne kakan kakan mutum a Kumasi kafin a haifi ƙasar Ghana a 1957 ita ce amsa mafi ƙarfi ga mai ce masa baƙo. Mafita ita ce a raba abu biyu. Suna da shekara da wurin binnewa na kowa ne. Abin da ya shafi bauta, ko rashin uba, ko irin cutar da ta kashe mutum, na iyalinsa ne, su za su zaɓi faɗa ko shiru. Dokar kare bayanan mutane ta 2012 tana nan, ga kuma umarnin hadisi na kamewa daga aibata matattu.

Abin da zai iya biyo baya

Amfani na farko na dangi ne a Katsina ko Tawa ko Yatenga, waɗanda labarinsu ya tsaya a kan cewa wane ya tafi Gwanja bai dawo ba. Na biyu na ƙasa ne. Kumasi tana cin filayenta da sauri, kuma maƙabartar da ba ta da katanga ko taswira ko rajista ita ake fara gutsura. A Fabrairun 2016 rikici ya ɓarke a unguwar Old Tafo ta Kumasi tsakanin matasan Musulmi da ɓangaren masarautar garin a kan katangar maƙabarta, aka rasa rai, aka ƙone dukiya, sai da aka kafa dokar hana fita. Rajista ba za ta hana rigima ba, amma tana mayar da ita gaban takarda maimakon gaban adda. Akwai haɗarin akasin haka ma: wani ya ƙirƙiro kakanni domin ya ci fili ko sarauta. Maganinsa shi ne kowane suna ya zo da madogararsa, wa ya faɗa, a wace takarda aka gani.

Sannan matsalar ba ta tsaya a jiya ba. Manyan asibitocin Ghana, har da asibitin koyarwa na Komfo Anokye, sukan fitar da sanarwa lokaci-lokaci cewa za su binne gawarwakin da ba a zo nema ba a rami ɗaya idan wa'adi ya cika. Wannan ita ce maƙabartar matalauta ta gaskiya a Kumasi, kuma waɗanda suka fi shiga haɗarin ƙarewa a cikinta su ne irin mutanen da Zango ya saba karɓa: 'yan mata masu dako a kasuwar Kejetia, 'yan talla daga Nijar, makiyaya, masu taɓin hankali, wanda mota ta buge ba takarda a aljihunsa. Tsarin maigida ya yi rauni, baƙon yau yana iya shekara a gari ba sarkin da ya san da shi. 'Yan sa-kai da za su riƙa leƙa ɗakin ajiye gawa kafin wa'adi, su kai hoto da siffa ga sarakunan ƙabilu da limamai, za su yi aikin da ya fi na tsofaffin fayiloli gaggawa.

Kuɗin da aikin ke buƙata kaɗan ne, kuma akwai Asusun Raya Zango da aka kafa da dokar 2017 wanda za a iya nema a wurinsa. Wahalar tana wajen wa zai riƙe littafin. Zango yana da sarakuna da yawa, ga masallatan Tijaniyya da na Ahlus-Sunna, ga jam'iyyu biyu masu zawarcin ƙuri'arsa, kuma littafin da aka ga na ɓangare ɗaya ne sauran ba za su kawo matattunsu ciki ba. Abin da ya fi kusa da yiwuwa shi ne kowane masallacin da ake sallar gawa ya riƙe nasa, masu wanka da masu haƙa su riƙa cikewa a ranar, da sunan yanka da laƙabi da sunan uba da gari da wanda ya kawo gawar, sannan a kai kwafi fadar Sarkin Zango da gidan ajiye takardu na Manhyia duk ƙarshen shekara.